Na'urar matse sauti ta koma cikin kwamfuta: shin lasisinta dukiya ce ko takardar izini?

Mu da muke aiki a gidan rediyo da wuya mako ya wuce ba tare da wani matashi ya shigo mana da kile a hannu ba, yana roƙon a sa masa waƙarsa cikin shirin yamma. Wata waƙar da zarar ta tashi sai ka ji ganga da jita da murya sun zauna wuri guda kamar ƴan ɗaki ɗaya. Wata kuma kowane kiɗa yana ta kansa, murya tana can gaba, ganga tana biye da ita kamar an tilasta mata. Idan muka tambayi masu situdiyo a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram dalilin wannan bambanci, abu na farko da sukan ambata shi ne kwamfiresa, wato na'urar matse sauti da ake ɗorawa a ƙarshen miksaj.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a yau shi ne wani ƙanenmu mai ƙaramin situdiyo da ya zo mana da tambaya. An yi masa tayin lasisin irin wannan manhaja a hannu na biyu ta intanet, a rabin kuɗinta, kuma mai sayarwar ya ce masa duk ranar da ya gaji da ita shi ma zai iya sayar da ita ya mai da kuɗinsa. Kuɗin da ake magana a kai kuwa na aikin waƙa biyu ne ko uku. To, ya saya ko ya bari? Kafin mu ba shi amsa, ya kamata mu fara sanin mene ne abin da ake sayarwa.

Mene ne aikin wannan na'ura?

A wajen haɗa waƙa, kowane kiɗa yana da layinsa: ganga daban, jita daban, murya daban. A ƙarshe duk layukan nan suna zubowa cikin babbar hanya guda, kamar yadda ƙoramu ke zubowa cikin gulbi. Wannan mahaɗa ita masu sana'ar ke kira bas, kuma kwamfiresan da ake ɗorawa a kanta yana aiki ne a kan waƙar gaba ɗaya. Idan sauti ya haura wani mizani da aka ajiye masa, sai na'urar ta ɗan danne shi, idan ya sauko sai ta sake shi. Tun da komai yana bi ta cikinta, duk lokacin da babbar ganga ta buga, sai dukkan kiɗan su ɗan sunkuya tare, su kuma ɗago tare. Wannan motsi na bai ɗaya shi ne kunne ke ji kamar an manne waƙar wuri guda, shi ya sa ma masu sana'ar suka yi wa abin laƙabi da gam.

Wadda ta fi suna a wannan aiki ta fito ne daga ƙasar Ingila, daga kamfanin Solid State Logic, wanda aka fi sani da SSL, wanda Colin Sanders ya kafa a shekarar 1969. Manyan teburan haɗa sauti na kamfanin, samfurin 4000 E na shekarar 1979 da samfurin G na shekarar 1987, sun cika manyan situdiyo na Landan da Amurka, kuma a tsakiyar tebur ɗin ne aka dasa wannan kwamfiresa. Maɓallanta ƴan kaɗan ne. Ƙarfin dannewa iri 3 ne kawai: 2:1 da 4:1 da 10:1. Saurin kamawa yana tsakanin milisakan 0,1 zuwa milisakan 30, saurin saki kuma daga sakan 0,1 zuwa sakan 1,2, sai wani wuri da na'urar ke zaɓar saurin sakin da kanta. Bayan ita akwai wasu da suka yi suna, irin su API 2500 ta Amurka, da Neve 33609 ta Ingila, da tsohuwar Fairchild 670 mai ƙwayaye ta shekarun 1950, wadda a yau ake cinikinta a kan dubun-dubatar dalar Amurka.

Yadda ta shiga kwamfuta

A shekarar 1996 kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST, wanda ya ba da damar a riƙa ɗora ƙananan manhajoji, waɗanda ake kira fulogin, cikin babbar manhajar haɗa sauti. Daga nan injiniyoyi suka shiga kwaikwayon tsofaffin na'urori: su buɗe cikin na'urar, su auna yadda kowane yanki ke amsa wutar da ke bi ta cikinsa, sannan su mai da wannan hali lissafi. A shekarar 2006 kamfanin Waves ya fitar da kwafin kayan SSL 4000 tare da amincewar SSL ɗin kansa. A shekarar 2009 Andrew Simper na kamfanin Cytomic a Ostareliya ya fitar da The Glue, wadda daga baya aka sa irinta cikin manhajar Ableton Live 9 a shekarar 2013. Kamfanin Universal Audio ma ya yi tasa, haka shi ma SSL.

Alfanun abin a fili yake, musamman ga mai aiki a ƙasa irin tamu. Na farko dai kuɗi: na'urar ƙarfe ta asali tana haura miliyan na sefa, alhali kwafinta na kwamfuta a lokacin rangwame yakan sauko kusan dalar Amurka 30, wato ƙasa da jikka 20. Na biyu, wanda ya sayi na'urar ƙarfe guda yana da guda ne kawai, amma mai fulogin zai iya ɗora ɗaya a kan ganguna, ɗaya a kan muryoyin amshi, ɗaya a kan waƙar baki ɗaya. Na uku, idan mawaƙi ya dawo bayan wata 2 ya ce a ɗan ɗaga masa murya, da an buɗe aikin komai zai dawo inda aka bar shi. Na huɗu kuwa, fulogin ba ya jin ƙurar hunturu, ba ya jin zafin bazara, wutar lantarki mai hawa da sauka ba ta ƙona shi, kuma ba ya bukatar mai gyaran da sai an je wata ƙasa kafin a same shi.

Sai dai akwai iyaka. Masu sana'ar da suka ƙware ba sa barin allurar na'urar ta wuce desibel 2 zuwa 4, kuma sukan bar saurin kamawa a milisakan 10 ko 30 domin bugun ganga ya samu ya wuce kafin a danne shi. Wanda ya matse har desibel 8 ko 10 ya kashe numfashin waƙar. Mu a rediyo mun fi kowa ganin illar haka, domin kafin sauti ya hau iska sai ya bi ta cikin wata na'urar tasha wadda ita ma matsewa take yi. Waƙar da aka riga aka shaƙe a situdiyo, idan aka sake shaƙe ta a tasha, takan fito a ƙaramar rediyon mai shayi kamar ana kiɗa cikin buhu. Haka kuma kunnen ɗan Adam yana da wata ɗabi'a: duk abin da ya fi ƙara sai ya ɗauka ya fi daɗi. Saboda haka wanda zai gwada fulogin biyu, ko ya gwada waƙa da fulogin da kuma babu shi, sai ya daidaita ƙarar su zama ɗaya tukuna. Idan aka yi haka, sau da yawa bambancin da ke tsakanin kwafin wannan kamfani da na wancan bai kai yadda talla ke faɗa ba.

Batun sake sayarwa

A nan ne maganar ƙanen namu take. Wanda ya sayi na'urar ƙarfe ya mallaki kaya, kamar wanda ya sayi babur ko saniya: ranar da ya matsu zai kai kasuwa, kuma tsofaffin na'urori masu suna darajarsu ba ta cika faɗuwa ba. Wanda ya sayi fulogin kuwa izinin amfani ya saya, bisa sharuɗɗan da kamfani ya rubuta, waɗanda yawancinmu muke danna amincewa da su ba tare da mun karanta ba.

Ko a ƙasashen da ake ƙera waɗannan kaya doka ba ta zama ɗaya ba. A Amurka, cikin shekarar 2010, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a shari'ar Vernor da kamfanin Autodesk cewa mai riƙe da lasisi ba mai mallakar kaya ba ne, don haka kamfani na iya hana shi sayarwa. A Turai kuwa, ranar 3 ga watan Yuli na shekarar 2012, kotun Tarayyar Turai ta yanke a shari'ar UsedSoft da Oracle cewa wanda ya sayi lasisi na dindindin yana da damar sayar da shi, muddin ya daina amfani da nasa kwafin. Mai situdiyo da ke zaune a Tawa ba ya ƙarƙashin ko ɗaya daga cikin kotunan nan biyu, don haka a aikace abin da kamfani ya yarda da shi shi ne zai yiwu.

Kamfanonin kuwa kowa da tsarinsa. Wasu suna canza sunan mai lasisi kyauta, wasu sai an biya, wasu kuma sun hana gaba ɗaya. Lasisin da ke kan tsarin iLok na kamfanin PACE an daɗe ana biyan dalar Amurka 25 kafin a mai da shi sunan wani, wato kusan kuɗin sabon fulogin a lokacin rangwame. Akwai lasisin da aka rubuta masa NFR, ma'ana ba na sake sayarwa ba ne: sau da yawa wanda aka samu kyauta ko a farashin ɗalibai yakan faɗa cikin wannan aji, kuma a wasu kamfanonin wanda aka saya a hannu na biyu shi ma yakan koma haka, ta yadda mai saye na biyu shi ne na ƙarshe. Wanda kuma yake biya wata-wata ba shi da abin sayarwa ko kaɗan, domin haya yake yi.

Sannan farashi ba ya tsayawa. Kowace shekara a ƙarshen watan Nuwamba kamfanonin suna karya farashi, kuma duk ranar da sabo ya yi araha, na hannu ya faɗi ke nan. Tsarin sayarwar ma yana iya juyawa dare ɗaya. A watan Maris na shekarar 2023 kamfanin Waves ya ba da sanarwar daina sayar da lasisi na dindindin, ya koma biyan wata-wata kawai, kuma sai da masu amfani da kayansa suka yi ca a kansa sannan ya janye cikin ƴan kwanaki. Wannan ya isa ya nuna mana cewa darajar lasisi a hannun kamfani take.

Shawarar da muka ba shi

Da farko mun ce masa ya duba abin da ke cikin kwamfutarsa. Kowace babbar manhajar haɗa sauti tana zuwa da kwamfiresanta, mai Ableton na iya samun irin The Glue a ciki, kuma akwai na kyauta na halal, irin su MJUC jr. na kamfanin Klanghelm. Ya yi wata guda yana koyon sauraron desibel 2 da 4 a kansu. Sannan ya sauko da na gwaji na wanda yake so, tun da yawancin kamfanoni suna ba da ƴan kwanaki kyauta, ya gwada a waƙarsa, ya saurara a lasifikar situdiyo, a wayar salula da kuma a ƙaramar rediyo.

Idan har ya ga bambancin da ya cancanci kuɗi, to ya fara duba farashin sabo kafin ya kalli na hannu. Idan kuma na hannun ne, ya karanta sharuɗɗan kamfanin, ya tabbata lasisin ba NFR ba ne, ya san wa zai biya kuɗin canza suna, kuma ya tabbata canjin zai bi ta hannun kamfanin har lasisin ya shigo cikin asusunsa da sunansa. Duk wanda ya ce masa ga sunan asusuna da lambar sirri ka shiga, ko ya ce turo kuɗi in turo maka fayil, wannan cinikin biri a sama ne, kuma sau da yawa kwafin sata ne aka yi wa kwalliya, wanda kan zo da ƙwayar cutar da za ta iya lalata aikin shekara guda. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

A ƙarshe mun ce masa ya lissafa kuɗin fulogin kamar yadda tela ke lissafa kuɗin zare: abu ne da zai ƙare cikin aiki, kuma ribarsa tana cikin waƙar da za ta fito da kyau har wani mawaƙin ya biyo sawu. Idan wata rana ya sayar ya samu ɗan wani abu, to Alhamdu lillahi, amma kada ya sa shi cikin lissafin jari. Idan kuwa kuɗin na abu ɗaya ne kawai, mu a ganinmu gara ya gyara ɗakin da yake sauraro a ciki, ya sa labule mai kauri da katifa a kusurwa, domin kunnen da ɗaki ke yi wa ƙarya babu kwamfiresan da zai cece shi.

Ƙanen namu dai ya tafi ya ce zai yi tunani, mu kuma muna nan muna jiran kile ɗinsa na gaba. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, idan Allah Ya kai mu.