Naira 125 ta 1981 nawa ce yau? Amsar tana wajen wanda ya ƙirga

Masu saurare, duk ranar da muka buɗe layi kan tsadar rayuwa, ba a rasa dattijon da zai ce a zamaninsu da ƴan jikkuna kaɗan ake ɗaukar buhun hatsi, wani kuma daga tsallaken iyaka ya ce albashin da ya fi na yau albarka. Wannan hira ce, ba laifi. Amma yanzu an shigo da wani salo: ana tura lissafi ta waya, wai kuɗi kaza na shekara kaza daidai suke da miliyan kaza a yau, ba sunan wanda ya yi lissafin, ba inda ya samo alƙaluman. Da irin wannan ake gardamar albashi da fansho, da shi ake tayar da tsohon bashi tsakanin ƴan'uwa, har kuɗin haya. To bari mu ɗauki misali guda mu warware shi, ku ga abin da ya sa muke matsa wa baƙinmu su faɗi majiyarsu.

A 1981 Najeriya ta sa mafi ƙarancin albashi a kan naira 125 a wata. A 2024 aka mayar da shi naira 70,000. Wanne ya fi?

Hanya ta farko ita ce ta ma'aunin farashin kayan masarufi. Hukumar ƙididdiga tana zaɓen kwandon kayan da gida ke saye, abinci da haya da sufuri da magani da sutura, ta riƙa bin farashinsu wata-wata. Sai ta ɗauki shekara guda ta ce wannan ita ce tushe, ta ba ta maki 100. In bayan wasu shekaru makin ya kai 250, ma'ana abin da ka saya da 100 yanzu sai ka ba da 250. Lissafin ba wuya: ka ɗauki tsohon farashi, ka ninka shi da makin yau, ka raba da makin wancan lokaci. In aka bi jerin alƙaluman shekara-shekara da Bankin Duniya ke wallafawa kan Najeriya, farashi ya ninka wajen sau 1,400 tsakanin 1981 da 2024. Ke nan naira 125 ɗin nan tana kama wajen naira 180,000.

Hanya ta biyu ita ce wadda aka fi yaɗawa, ta dalar Amurka. A 1981 naira ta fi dalar ƙarfi a farashin gwamnati, kwabo sittin da ɗoriya ke sayen dala guda, don haka naira 125 ta ɗan haura dala 200. Ita ma dalar ba ta tsaya wuri guda ba: bisa ma'aunin farashi na Amurka, abin da dala ɗaya ta saya a 1981 sai da fiye da dala uku a 2024. Dala 200 ta zama wajen 700. Ka canza wannan a kan naira 1,500, ka ga ka haura miliyan ɗaya.

Kun ji? Albashi ɗaya, shekaru ɗaya, wani ya ce 180,000, wani ya ce miliyan. Kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Tambayoyi biyu ne daban aka amsa. Na farko yana tambayar abin da kuɗin ke saye a kasuwar Kano ko Katsina. Na biyu yana tambayar abin da za su saya a waje, da sharaɗin cewa ka samu dala a farashin gwamnati, wanda ko a lokacin ba kowa ke samu ba. Leburan da ke biyan hayar ɗaki yana sayen garin tuwo, lissafi na farko ne ya fi kusa da rayuwarsa. Mai shigo da kayan gyaran mota, na biyu ya fi shafarsa. Duka biyun sun nuna naira 70,000 ba ta kai tsohon albashin ba, amma wanda ya tafi teburin sasantawa da miliyan a bakinsa bai faɗi ta ina ya bi ba, minti biyar za a rusa masa hujja.

Shi ya sa in baƙo ya zo mana da lamba, tambayar farko ita ce: wa ya tattara? A Nijar hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ita ke fitar da ma'aunin farashi, kuma tsarin iri ɗaya ne da na sauran ƙasashen UEMOA, don a iya kwatanta Yamai da Wagadugu ko Kwatano. A Najeriya NBS ce. Babban bankin BCEAO da Babban Bankin Najeriya su ke da alƙaluman canjin kuɗi. Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na IMF galibi ba su aika kowa kasuwa ba, abin da hukumomin ƙasashe suka ba su shi suke jerawa. Don haka wanda ya ce maka "Bankin Duniya ya tabbatar da abin da NBS ta faɗa" bai kawo shaidu biyu ba, shaida ɗaya ce ta canza riga.

Akwai kuma abin da mutanen karkara ya kamata su sani. Shekaru da dama ma'aunin farashi na Nijar a birnin Yamai kaɗai ake tattara shi, sai daga baya aka faɗaɗa shi ya game ƙasa. In mutum ya ɗauki tsohon makin ya auna farashin gero a Dakoro ko Tanut da shi, kwandon ma'aikacin babban birni ya ɗora wa manomi. Ga maganar hatsi, gara a nemi alƙaluman SIMA, tsarin da ke bin farashin kayan gona a kasuwannin Nijar, ko na takwaransa mai bin kasuwannin dabbobi. Su ne ke da kasuwa da wata da irin hatsin.

Wata yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Farashin gero a kaka, lokacin da kowa ke fitar da sabo, ba ɗaya ba ne da na tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Mai son nuna cewa duniya ta lalace sai ya ɗauko farashin kaka na da, ya jera shi da na watan Agusta na bana. Mai son kare gwamnati kuma sai ya fara ƙirga daga 2005, shekarar da fari da fara suka sa hatsi ya yi tashin da ba a manta ba, sai komai ya yi kamar da sauƙi. Duk wayo ɗaya ne. A kwatanta wata da irinsa, kasuwa da irinta, kuma a faɗi dalilin zaɓen shekarar da aka fara da ita.

Sai ma'auni. Buhu wane iri, mai kilo 100 ko mai 50? Tiya ce ko mudu ko kwano? Tiyar ma ba ko'ina take ɗaya ba, kuma kowa ya san akwai mai dukan gindin kwano. Har sunan kuɗin ma yana rikita mu a wannan tasha: in mutumin Maraɗi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, domin dala a bakinsa tamma biyar ce, alhali mai saurare a Zariya ya riga ya tafi Amurka da tunaninsa. A rubuce dai, a sa lamba a sa sunan kuɗin cikakke.

Kuɗin da kansu sun sha canza fuska. Naira ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, don haka duk farashin da kakanka ya faɗa da fam da sule sai an fara juya shi. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farankin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kuma a shekarar hauhawar farashi a Nijar ta haura kashi 30 cikin ɗari. Daga 1999 sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957. Wannan ɗaurin ne ya sa in ka ɗauki farashin shekaru ashirin baya a sefa ba ya yin nisa da na yau irin yadda na naira ke yi. Masu saurarenmu na Kumasi da Accra kuwa sun san nasu: a Yulin 2007 Gana ta yanke sifili huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya. Wanda ya manta da wannan zai ga kamar kaya sun yi araha sau dubu goma a dare guda.

Ga ƴan kasuwar da ke tsakanin Dawanau da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni, akwai ƙarin tarko. In za ka juya tsohon farashin naira zuwa sefa, wane canji ka ɗauka, na banki ko na ƴan canji a bakin iyaka? Kafin Yunin 2023, lokacin da Najeriya ta sake wa naira mara, tazarar da ke tsakanin biyun babba ce, kuma ba da na banki ake cinikin wake a Jibiya ba. Shawararmu: a gyara farashin da ma'aunin ƙasar da aka yi cinikin tukuna, sannan a canza shi sau ɗaya a farashin ranar da ake magana, a kuma faɗi wane farashi ne.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi rikita ƴan jarida ma. A farkon 2025 NBS ta sabunta kwandonta, ta mayar da shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024. A Disambar 2024 an ba da hauhawar farashi kashi 34.80, a Janairun 2025 aka ba da 24.48. Ba wai shinkafa ta sauko cikin wata guda ba ne, sandar awon aka canza, aka sake nauyin da ake ba abinci da sauran kaya. Duk wanda ya haɗa makin tsohon jeri da na sabo kai tsaye, ya raba wannan da wancan, lissafinsa ya ɓaci tun daga tushe. Sai an nemi jerin da aka riga aka haɗa, ko a faɗi yadda aka haɗa shi.

Wani zai ce duk wannan ba zai shiga cikin minti guda na rediyo ba. Zai shiga. Maimakon "naira 125 ta da miliyan ce yau", sai a ce: "naira 125 ta 1981, in aka auna da ma'aunin farashin Najeriya na shekara-shekara da Bankin Duniya ya wallafa, ta kai wajen naira 180,000 a kuɗin 2024." Numfashi ɗaya ne. An ji kuɗin, an ji shekara biyun, an ji ma'aunin da mai shi, kuma kalmar "wajen" tana nan, domin lissafin shekara arba'in ba ya ba da amsa har kwabo. A takarda kuma a ƙara ranar da aka duba alƙaluman, tun da hukumomin suna gyara tsofaffin lambobinsu lokaci-lokaci.