Hulɗar 'yan sanda da jama'a a Dutsin-Ma da Kurfi

Hulɗar 'yan sanda da jama'a a Dutsin-Ma da Kurfi ta shafi yadda jami'an Rundunar 'Yan Sandan Najeriya ke mu'amala da mutane a kullum, da kuma irin yardar da jama'a ke yi musu a waɗannan ƙananan hukumomi biyu na tsakiyar Jihar Katsina. Kowace ƙaramar hukuma tana da caji ofis ƙarƙashin baturen 'yan sanda, kuma a Dutsin-Ma ofishin kwamandan yanki yake.

Tarihi

A zamanin En'e, dogarai da 'yan doka ne ke kula da doka a ƙasar Katsina, suna amsa umarnin sarki da hakimai. An kafa rundunar 'yan sandan ƙasa a 1930, kuma bayan juyin mulkin 1966 aka haɗe 'yan doka cikinta. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi runduna ɗaya ga ƙasar baki ɗaya. Shi ya sa akan turo jami'i daga wata jiha, wanda bai san garin da mutanensa ba.

Mu'amalar yau da kullum

Yawancin mutane suna haɗuwa da ɗan sanda ne a shingen bincike na hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma wadda ta ratsa Kurfi, ko a kasuwa, ko a caji ofis idan rigima ta taso. Kamar a sauran sassan ƙasar, koke-koken da aka fi yi su ne karɓar na goro, neman kuɗin beli, da jinkirin kai ɗauki.

A doka, beli kyauta ne. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta hana kama mutum a madadin ɗan'uwansa.

Matsalar tsaro

Yankin na fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma su ma jami'an abin bai bar su ba. A watan Yulin 2022 an kashe kwamandan yankin Dutsin-Ma, Aminu Umar, a wani kwanton ɓauna a ƙaramar hukumar Safana. A watan Oktoban 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. A cikin watan ne Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar, wadda aka ɗauki jami'anta daga 'yan ƙasa.

Muhimmancin yarda

Aikin ɗan sanda ya dogara da bayanan da jama'a ke ba shi. Wanda aka tatsa a shinge, ko yake tsoron a fallasa sunansa, da wuya ya kai rahoton abin da ya gani. Sai ya gwammace ya je wurin mai unguwa ko 'yan banga. Mai ƙorafi a kan jami'i na iya kai kukansa ga sashen karɓar koke-koke da rundunar ta buɗe a 2015, ko ga Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda.