Ciwon Daji: Jinyar Da Ke Cinye Gona Da Garke

Galibin mutanenmu, idan likita ya ce an sami ɗan'uwansu da ciwon daji, abin da suke fara tambaya shi ne, "Nawa ne kuɗin aiki?" Sai a sayar da sa ko a jinginar da gona, a biya kuɗin tiyata, a zaci an gama. Alhali kuwa tiyata mafarin tafiya ce kurum, kuma shekarun da ke biye da ita su ne ke durƙusar da gida.

Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 an sami sababbin masu ciwon fiye da 120,000 a Nijeriya, waɗanda suka rasu kuwa sun kusa 80,000. Sankarar mama ce kan gaba. Daga cikin na kusa da ita akwai sankarar bakin mahaifa, da ta furostet, watau wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar maza.

Bari mu ɗauki sankarar mama mu ga yadda kuɗi ke tafiya. Ban da tiyata, akan yi wa mace ƙarin ruwan magani mai ƙarfi, wanda ake kira kemo, sau 6 zuwa 8, galibi bayan kowane mako 3, kuma kafin kowane zuwa sai an gwada jini. Daga nan sai gashi da na'ura, kwana 5 a mako har tsawon mako 3 zuwa 6. Idan irin ciwon da sinadarin jikin mace ke ciyarwa ne, za ta sha ƙwaya irin su tamoxifen kullum har shekara 5, wani lokaci 10. Wadda nata ya buƙaci allurar trastuzumab kuwa, shekara guda cur za ta yi tana karɓa, jimlar kuɗin kuma miliyoyin naira ne. Haka nan dattijon da sankarar furostet ta yi nisa a jikinsa, allurar wata-wata ko ta wata 3 zai riƙa yi shekara da shekaru.

Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a takardar asibiti. Na'urorin gashi ba su da yawa a ƙasar nan, sai a manyan asibitoci irin na Zariya, Abuja, Legas da Ibadan. Mutumin ƙauye sai ya biya kuɗin mota, da masauki, da abinci, nasa da na mai jinyarsa, ga shi sana'ar mutum biyu ta tsaya cik. Magungunan kuma yawancinsu daga waje ake shigo da su, saboda haka tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na ₦70,000, wanda aka tsayar a 2024, ina zai kama?

A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa. Abin da wannan ke haifarwa shi ne katse magani a tsakiya. In an tsallake kemo don rashin kuɗi, ciwon yakan sami sararin yaɗuwa, a koma asibiti ya fi ƙarfin magani, an yi asarar dukiya ga kuma rai a cikin haɗari.

Gwamnatin Tarayya ta ɗan taɓuka. A 2021 ta fara Asusun Tallafin Masu Ciwon Daji don marasa galihu masu sankarar mama, bakin mahaifa da furostet, a asibitoci 6: Zariya, Gombe, Abuja, Ibadan, Benin da Enugu. A 2022 aka sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya, ko da yake har yanzu akasarin talakawa ba su shiga ba. A watan Oktoba na 2023 kuma aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta.

To, jama'a, shawararmu ga iyalan mai jinya ita ce, tun ranar farko su roƙi likita ya zayyana musu dukan matakan magani da tsawon lokacinsa, don a raba nauyin tsakanin dangi wata-wata maimakon a zube kome a kan tiyata. Su kuma tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin game da wancan asusu. Mace kuwa da ta ji ƙullutu a mamanta, kada ta tsaya jiƙe-jiƙe, ta garzaya asibiti, domin ciwon da aka tara da wuri ya fi sauƙin magani, ya kuma fi sauƙin kuɗi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.