Mu Tada Tsohuwar Motarmu Kafin Kaka

'Yan'uwa manoma, kaka ta kusa, kuɗin hayar mota kuwa yana cinye ribar ƙungiya. Wasu ƙungiyoyinmu suna da tsohuwar akori-kura Peugeot 404, irin motar da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, tana ajiye a gindin bishiya. Kafin mu sayar wa 'yan gwangwan, mu duba ta tukuna.

Injin fetur yana bukatar abu uku: wuta, mai da iska. Mu fara da wuta. Mu kankare kan batir, mu goge fulogi huɗun nan. Sa'an nan mai. Fetur da ya daɗe a tanki yakan lalace ya toshe kafireta, sai mu tsiyaye shi, mu wanke kafiretar. Matatar iska kuma mu kakkaɓe ta, gama ɓeraye sukan yi sheƙa a ciki.

Kada mu tada injin sai mun canja baƙin mai, mun cika lagireto da ruwa. Ko ta tashi ma, kada ta hau hanya sai bakanike ya duba birki da tayoyi. Masara in ta zube a sake nomawa, ran ɗan'uwa kuwa ba a sayensa a kasuwa.

Ubangiji ya taimake mu.