Keɓaɓɓun Kalmomin Na'urar Tsaron Gida da Hanyoyin Samar da Su a Hausa

1.0 Gabatarwa

Kowace sana'a tana da keɓaɓɓun kalmominta. Maƙera suna da uwar maƙera da zugazugi, masaƙa kuma suna da ƙoshiya da kwarkwaro. Idan baƙon abu ya shigo cikin al'umma, wajibi ne harshe ya raɗa masa suna. A wannan darasi za a ɗauki na'urar tsaron gida, wato wadda take yin ƙara idan ɓarawo ya shigo, domin a ga yadda Hausa za ta iya ɗaukar kalmominta.

Asalin na'urar daga Amurka ne. A shekarar 1853 Augustus Russell Pope ya yi rajistar fasahar wata ƙararrawa mai aiki da batir, wadda take kaɗawa idan an buɗe ƙofa ko taga. A 1857 Edwin Holmes ya sayi haƙƙin fasahar, ya mayar da ita abin kasuwanci. Saboda haka da Ingilishi kalmominta suka zo mana. Sunayen Hausa da ke biye shawara ce ta wannan darasi.

2.0 Sunayen Sassa

Matsinkayi: Shi ne abin da masu sana'ar suke kira sensa. Matsinkayin ƙofa gida biyu ne: maganaɗisu a jikin ƙyaure, da ɗan makunni a gefen da ƙyauren yake rufuwa. Da an buɗe ƙofa sai su rabu, hanyar lantarki ta yanke, saƙo ya tafi. Shi kuwa matsinkayin motsi, irin wanda ya fi yawa a gidaje, ba hoto yake ɗauka ba. Sauyin ɗumi yake ji yayin da jiki mai zafi ya gilma ta gabansa. Wannan ne ya sa kyanwa ma take iya tayar da shi.

Uwar na'ura: Akwati ne da yake karɓar saƙon dukkan matsinkaya, ya yanke hukuncin abin da za a yi.

Allon lambobi: Nan ne mai gida yake danna lambar sirri.

Jiniya: Ita ce take kwarmata ƙara domin ta razana ɓarawo, ta kuma farkar da maƙwabta.

Batirin ko-ta-kwana: Shi yake riƙe na'urar idan an ɗauke wuta ko an yanke waya.

3.0 Kalmomin Aiki

Ɗanawa da kwancewa: Ɗana na'ura shi ne a sa ta cikin shirin kama mai kutse, kwance ta kuwa shi ne a sauke wannan shiri. Ɗanawa iri biyu ce. A ɗanin fita dukkan matsinkaya suna aiki, domin babu kowa a gida. A ɗanin kwana kuwa na ƙofofi da tagogi ne suke aiki, na cikin ɗakuna suna hutawa, don kada wanda ya tashi shan ruwa ya tayar da jiniya.

Shiyya: Ɓangaren gida ne da aka ba lamba, kamar zaure ko madafa, domin a san inda aka kutso.

Jinkirin shiga: Ɗan lokaci ne, galibi daƙiƙa 30 zuwa 60, da ake ba mai gida ya kwance na'ura bayan ya buɗe ƙofa.

Lambar tilas: Lamba ce ta daban da mutum zai danna idan an ritsa shi aka ce ya kwance na'ura. A zahiri za ta yi shiru, amma ta aika saƙo a asirce zuwa cibiyar sa ido.

Kukan ƙarya: Tashin jiniya ba tare da haɗari ba. Idan ya yawaita, maƙwabta sukan daina kulawa, har ranar da abin zai zama gaskiya.

4.0 Hanyoyin da Aka Bi

Idan aka lura, hanyoyi huɗu aka bi. Ta farko ita ce aro: batir da lantarki daga Ingilishi, maganaɗisu daga Larabci. Ta biyu faɗaɗa ma'ana: Bahaushe ya san ɗana tarko tun kaka da kakanni, don haka da ya ji an ɗana na'ura ya fahimci tana jiran abin kamawa. Ta uku ƙirar kalma: an gina matsinkayi daga aikatau tsinkaya, da ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i, kamar yadda aka samu mabuɗi daga buɗe. Ta huɗu harhaɗawa, kamar lambar tilas da jinkirin shiga.

5.0 Kammalawa

A wannan fage kuskuren kalma ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya kasa bambance ɗanin kwana da ɗanin fita, ko dai ya tayar da unguwa a banza, ko ya tafi ya bar ɗakunansa babu tsaro. Ke nan, kyakkyawar keɓaɓɓiyar kalma ita ce wadda take nuna aikin abin da aka raɗa mata. Ya kamata malami ya gwada kowace sabuwar kalma a kan ɗalibin da bai taɓa ganin na'urar ba. In ya iya faɗin aikinta daga jin sunan, kalmar ta zauna. In ya kasa, sai a sake lale.