Me Ya Sa Ƙuri'a Ta Zama Haja?

A Gawon Nama, kamar sauran unguwannin birnin Sakkwato, hirar bayan zaɓe ta koma ta nawa aka bayar: taliya, atamfa ko kuɗi a hannu. Talauci ake fara ɗora wa laifin, kuma da gaskiya. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika ambata ba, wato sirrin ƙuri'ar kansa.

A tsohuwar Atina ta Girka, maza 'yan ƙasa kan taru a tudun Finikis su amince da doka ta hanyar ɗaga hannu, kowa na kallon kowa. A Roma kuwa da baki mutum yake faɗa wa jami'i ra'ayinsa, ubangidansa na iya ji. Wanda yake cin arziƙin wani ba ya saɓa masa a bainar jama'a, don haka manya ba su cika buƙatar saye ba; kwarjini ya wadatar. A shekara ta 139 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka kawo ƙuri'ar sirri a zaɓen shugabanni, bayan 'yan shekaru aka faɗaɗa ta zuwa kan dokoki, mutum ya jefa ɗan allo mai alamar amincewa ko ƙi. Talaka ya samu sararin kansa. Daga nan cinikin ƙuri'a ya bunƙasa, har da dillalai masu raba kuɗi, aka yi ta kafa dokokin hanawa ba su yi tasiri ba.

Mu ma hanyar muka biyo. A zaɓen ƙananan hukumomi na 1990 ƙato bayan ƙato aka yi, maigida na ganin layin da yaronsa ya shiga. Da aka koma dangwale a ɓoye, tsoron ya ragu, farashi ya shigo. Kuma a jihar Sakkwato, inda tazarar ƙuri'a 342 ta raba gardamar kujerar gwamna a 2019, ɗan siyasa ya san darajar kowane yatsa.

Illar da ta fi damuna ita ce mai saye ba ya yarda da alkawari, sheda yake so. Shi ya sa ake cewa a ɗauki hoton takarda da waya, ko a karkata ta wakili ya hango. INEC ta hana shiga wurin dangwale da waya tun 2018. Romawa sun ga irin wannan: a shekara ta 119 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani ɗan siyasarsu mai suna Mariyus ya sa an ƙuntata mashigar da masu zaɓe ke bi, don kada manya su tsaya suna leƙe.

Masu cewa a koma layi sun manta matar da mai gidan hayarta ke tsaye a gefe. A ganina gyaran yana wurin dangwale: a janye shi nesa da wakilan jam'iyyu, a juya shi ya fuskanci bango, a kuma gurfanar da dillalan da aka kama.