Ziyarar Abokai a Alƙahira: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kan Cimarta da Tsofaffin Majalisunta

Bahaushen da ya sauka a Alƙahira ba ya rasa masauki. Ko dai yana da ɗan'uwa da ke karatu a Azhar yana zaune a Madinatul Bu'us ta Abbasiyya, ko abokin da ya kama haya a Hayyul Ashir ta Madinat Nasr, inda baƙi 'yan Afirka suka yi yawa. Matsalar kuma daga nan take farawa. Don karramawa, masu masauki za su yi ta tuƙa maka tuwo da miyar kukar da aka aiko musu daga gida, har ka gama mako biyu ka koma ba ka ɗanɗani abincin garin ba. Karamci ne, babu shakka, amma asara ce. Ka roƙe su su fita da kai inda Misirawa ke ci, domin su suka san hanya, sun kuma iya Larabcin kasuwa, wanda ya sha bamban da na littafi.

A fara da safe. Karin kumallon talakan Masar shi ne ful, wani babban wake da ake barin sa ya kwana yana dahuwa a hankali cikin tukunyar ƙarfe mai ƙaramin baki. Ana dama shi da mai da lemun tsami da gishiri, wani ya ƙara tahina, wato markaɗaɗɗen riɗi. Abokiyar tafiyarsa ita ce ta'amiyya. Ka ɗauke ta a matsayin ƙosan Misirawa, sai dai da waken ful ake yin ta, a markaɗa shi da koren ganye, shi ya sa cikinta kore ne shar. Duka biyun da gurasa ake ci, wadda suke kira aish baladi, mai dusar alkama a jikinta. Gurasar nan ba abin wasa ba ce a siyasar Masar. Gwamnati na tallafa mata, kuma farashin ta tallafin ya shafe fiye da shekara 30 a kan ƙirshi 5 kafin a mayar da shi 20 a 2024. Masu katin tallafi ke samun wannan farashi. Kai baƙo ta kasuwa za ka saya.

Da rana sai koshari. Wanda ya ji yadda ake haɗa shi zai yi zaton ragowar tukwane aka tattara: shinkafa, taliya, makaroni, ƙananan waken adas, miyar tumatir, a bisa kuma soyayyiyar albasa mai ƙaras-ƙaras. A kan tebur akwai kwalabe biyu, ɗaya ruwan tafarnuwa mai tsami, ɗaya barkono. Ka zuba na farkon da yawa, na biyun da tsoron Allah. Babu nama a ciki, don haka yana da araha, kuma Kiristoci Kibɗawa na cin sa a kwanakin azuminsu. Shagon Abou Tarek da ke titin Champollion shi ya fi suna a wajen baƙi, amma kusan kowace unguwa tana da nata, kuma ɗalibai sun fi kowa sanin inda ake cika kwano.

Akwai abubuwa biyu da za su ba ka dariya don ka san su tun a gida. Mulukhiyya, miyar da Misirawa ke alfahari da ita, lalo ce. Bambancin kawai suna yanka ganyen ya yi laushi sosai, su dafa a romon kaza ko na zomo, su soya tafarnuwa su juye a kai. Karkade kuma zoɓo ne, ana shan sa da sanyi ko da zafi. Abin da ya cancanci ka kashe wa kuɗi shi ne tantabarar da ake cusa wa shinkafa ko ɗanyar alkama gasasshiya. Gidan Farahat da ke kusa da Azhar ya daɗe da yin suna a kanta. In ƙishirwa ta kama ka a hanya, nemi shagon da aka jingine rake a ƙofarsa, a matse maka a gabanka, ka shanye nan take kafin ya yi baƙi.

Abu ɗaya ne zan ce ka bar wa masu shi: fasikh, kifin da ake tsimawa da gishiri, wanda ake ci a bikin Shammun Nasim, ranar Litinin da ke bin Istar Kibɗawa. Kusan kowace shekara ma'aikatar lafiyar ƙasar na gargaɗi a kansa, kuma a 1991 gubar wanda aka yi ba daidai ba ta kashe mutum 18 a Alƙahira.

To, sai wuraren zama, waɗanda su ne zuciyar garin bayan la'asar. Ahwa ita ce majalisar Bamisire: kujerun katako a bakin titi, shayi a ƙaramin kofin gilashi, gahawa, shisha, da ƙarar 'ya'yan domino a kan tebur. In za ka sha gahawa, tun kafin a dafa za ka faɗi yawan sukari: sada babu ko kaɗan, mazbut daidai, ziyada ya yi yawa. Mafi shahara ita ce Fishawi, a wani lungu na kasuwar Khan Khalili, daf da masallacin Husaini. Ta haura shekara 200, manyan madubai sun dushe a bangonta, kuma marubuci Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya sha zama a can. A yau 'yan yawon buɗe ido da 'yan talla sun cika ta, shayinta ya fi na unguwa tsada nesa ba kusa ba. Ka je sau ɗaya bayan ka zaga titin Mu'izz, ka sha shayi da na'a-na'a, sauran kwanakin ka zauna a ahwar unguwar abokanka. Ga mata: Fishawi da wuraren tsakiyar gari kowa na zama, amma ƙananan ahwoyin cikin unguwa har yanzu galibi na maza ne.

Tsakiyar gari, wadda suke kira Wust al-Balad, wata duniya ce daban. Mai mulkin Masar Khedive Isma'il ne ya sa aka tsara ta a ƙarni na 19 bisa fasalin birnin Paris, kuma a nan ne Girkawa da Italiyawa da sauran Turawa suka buɗe gidajen shaƙatawa. Café Riche da ke titin Tal'at Harb tun 1908 take. 'Yan siyasa da 'yan jarida sun mayar da ita matattara, Mahfuz kuma ya yi shekaru yana zaman ranar Juma'a da matasan marubuta a cikinta. Hotunan irinsu ne suka rufe bangon. A unguwar Bab al-Luq akwai gidan Hurriyya, tun shekarun 1930, babban zaure mai dogon rufi da madubai.

Nan ne ya kamata ka buɗe ido. Waɗannan biyun ba gidajen shayi zalla ba ne, ana sayar da giya a cikinsu, musamman Stella, wadda ake yi a Masar tun 1897. A Hurriyya zauren ya kasu biyu, gefe guda masu shayi da wasan chess, ɗaya gefen masu kwalba. Tsofaffin mashayun tsakiyar gari da yawa ba sa tallata kansu. Za ka ga ƙofa ko tagar da aka rufe da katako ko gilashi mai duhu, ka wuce ba ka sani ba. Wanda tarihi ya kawo shi yana iya shiga da rana ya sha lemo ya kalli ginin, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba kuma ya tsaya daga waje, babu mai tilasta masa. Abin da bai dace ba shi ne ka ja ɗalibin Azhar zuwa inda zai ji kunyar a gan shi. Tambaye shi tun kafin ku fita. Da azumi yawancin mashayun a rufe suke, ahwoyi kuwa sai bayan buɗa-baki suke cika, har zuwa sahur.

Batun kuɗi kuma. A manyan gidajen abinci lissafin da za a kawo maka ya fi abin da ka gani a takardar farashi, saboda ana ɗora harajin kashi 14 cikin ɗari da kuɗin hidima, sannan ma'aikaci na sa ran ɗan baƙshish a hannu. Ka riƙe canji. Farashi ya sauya sosai tun da darajar fam ɗin Masar ta faɗi a Maris ɗin 2024, don haka kada ka yi kasafi da labarin wanda ya je shekarun baya. Mai masaukinka zai rantse shi zai biya, alhali da ɗan guzurin karatu yake lallaɓawa. Ka tashi kamar za ka wanke hannu, ka biya tun kafin a kawo takardar.